Ƙauyen Maƙera da Ba Shi da Maƙeri

Tun da na dawo daga Bosniya ban samu sakat ba. In na fito daga sallar la'asar a masallacin layinmu na Waziriyya sai an tare ni, in na je sayen burodi sai an tare ni, har masu gadin sito na Khumra, waɗanda gaisuwa kawai ke haɗa mu, sun aiko a tambaye ni wai da gaske ne akwai Turawa masu kiran salla. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk ran da na ba da labarin sai ya ƙara tsawo, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya tun kafin in fara yi wa kaina ƙari. Mai son duwatsu da koguna ya nemi wayar 'ya'yan kafilina, wato ubangidana, sun cika ta da hotuna. Ni abin da ya kai ni daban ne.

Sunana Usman. A nan Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo Hajji da ƙafa bai koma ba. Direba ne ni a gidan wani Balarabe da muke kira Abu Faisal. Shekara biyu da suka wuce, ana gama aikin Hajji, aka yi mini aiki a ciki, na kwanta asibiti. A gadon kusa da nawa akwai wani tsoho fari tas mai shuɗin ido, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin jirgi ranar da ayarinsu zai koma gida. Sunansa Alhaji Salihu, ladanin ƙauyensu ne a Bosniya. Larabcin littafi gare shi, irin wanda in ya nemi ruwan sha sai ka ɗauka huɗuba zai fara, ni kuwa Larabcin kasuwa. Haka muka yi kwana tara muna lallaɓa hira.

Hirar da ya fi so ita ce ta sunan ƙauyensu. Ya ce ana kiran sa Kobaci, wato Maƙera, alhali tun da aka kafa shi ba a taɓa yin maƙeri ko ɗaya ba, ko ƙusa ce ta lanƙwashe sai an sauka gari. Wai a zamanin Turkawa aka turo wani malamin gwamnati ya rubuta sunayen ƙauyuka. Da ya zo gindin dutsensu ya ɗaga kai, sai ganda ta kama shi. Ya tsaya ya kasa kunne, ya ji ƙwal-ƙwal daga sama, ya ce ai maƙera ne, ya rubuta, ya yi gaba. Ashe mata ne ke bugun wanki da katako a bakin idon ruwa. Bayan shekaru sojoji suka hawo da dawakai a yi musu takalma, suka tarar da mata da kumfa har gwiwar hannu. Duk ran da ya kawo nan sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, nas ta zo ta harare ni.

Ran kwana na takwas ya sa na jawo masa jakarsa, ya ciro wani ƙunshi a leda.

"Ya Usman, likkafani biyu na saya a Makka, na jiƙa da zamzam, na shanya. Nawa ga alama a nan zai yi aiki. Wannan na Fata ne, matata. Alkawari na yi mata."

Na ce, "Baba Alhaji, ka ba jami'in ayarinku mana, ai yana zuwa duba ka."

"Zai ba ɗana, ɗana kuma ya tura ƙasan akwati don kada ran uwarsa ya ɓaci. Mutanen yanzu tsoron farin yadi suke yi. Kai za ka sa mata a hannu."

Na ce in sha Allahu, irin wadda ake ce wa marar lafiya don hankalinsa ya kwanta. An sallame ni da kwana biyu ya rasu. Na samu sallarsa, na raka shi, na dawo gida da ƙunshi.

Ga inda na yi wauta. Ban taɓa tambayar sa sunan danginsu ba. A wurinmu in an ce Alhaji Salihu ladan, mijin Fata, mutumin Kobaci, ai an gama adireshi, ko makaho ka ba shi zai kai ka. Ban san akwai ƙasar da sai da suna na biyu ake gane mutum ba.

Shekara biyu ƙunshin nan yana gidana, kuma ba ya bari in sake. Matar ta haura tamanin, haka Alhaji ya gaya mini. Duk ran da aka yi rasuwar tsohuwa a unguwa sai gabana ya faɗi, in ce watakila can ma an yi, an naɗe ta a wani yadi, nata yana nan Waziriyya. Matata Rabi, wadda ke kirana da sunan 'yarmu, ba ta raga mini. "Abu Maryam, wallah mutuwa ba za ta jira iƙamarka ta zaman ƙasa ba. Ko ka kai, ko ka nemi mai kaiwa, halas, magana ta ƙare." To wa zan ba, kuma da wane fasfo zan je?

Bana da zafi ya tsananta sai Abu Faisal ya ce za su je hutu Bosniya, kamar yadda Larabawa suka tsiri yi, kuma ba ya son tuƙin kowa sai nawa. Ina riƙe da sitiyari ya faɗa, saura kaɗan in hau bayan wata motar. Na gaya masa labarin amanar. Ya ce, "Ɗayyib. Kwana biyu naka ne, da motar." Wahalar biza da takardar fita da dawowa kuwa ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, wanda ke riƙe da iƙama ya san ta.

A filin jirgin Sarayebo iyalin Abu Faisal suka wuce sumul, ni aka ce in buɗe jaka. Wata jami'ar kwastan ta ciro ƙunshin, ta kwance, ta fara warware yadin a kan tebur tana yi mini tambaya da yaren da ba na ji ko ɗigo. Na yi Larabci, na yi guntun Turancina, na kwantar da kaina a tafin hannu na rufe ido don in nuna mata mutuwa, ta ɗauka barci nake nufi, wato zanen gado. Gumi ya karyo mini. Sai wani dattijo cikin abokan aikinta ya matso, ya shafa yadin, ya dube ni, ya ce, "Zamzam?" Na gyaɗa kai. Ya dafa ƙirji, ya faɗa mata kalma biyu. Da hannunta ta ninke shi, ninkin da ya fi nawa kyau, ba ta ƙara kallon sauran kayana ba.

Gidan katako aka kama wa iyalin a bayan gari. Ɗakina can sama ne ƙarƙashin rufi, akwai wani gungume da ya gitta daidai goshina, kullum da safe sai mun gaisa da shi. Wai lokacin zafinsu ke nan, amma ni da bargo biyu nake kwana. Mai kula da gidan sunansa Sanad, ya kai hamsin, ya yi aikin gini a Libiya, saboda haka yana da Larabci, sai dai mai gajarta zance ne ƙwarai. In mutum ya yi magana ta minti biyar, Sanad zai juyo ya ce maka, "Ya ce to." Shi ya yarda ya raka ni. Da na ce Kobaci, ya ce ya sani, ba nisa.

Muka kama hanya da hantsi. Hanyoyinsu duk kwana ne, kamar an bi sawun akuya an zuba kwalta. Mun tsaya a wani gari ya sa na ci fita, wato nama ne a cikin fallen ƙullu sirara, ɗan'uwan mutabbaƙ ɗinmu amma an naɗe shi kamar gammo, ana korawa da kindirmo. Na ci biyu, ban ji kunya ba. Jefi-jefi nakan ga gida da ramukan harsashi a bango, sabon fenti a gefe, furanni a taga. Na tambayi Sanad, ya ce, "Yaƙi," ya ƙara ƙarar rediyo. Ban sake tambaya ba.

Kafin azahar muka shiga Kobaci. Sanad ya tambayi wani mai yankan ciyawa gidan Fata matar marigayi Alhaji Salihu, nan take ya nuna. Na ce a raina, ka gani, adireshinmu ma yana aiki. Wani magidanci mai gashin baki, Ibro, ya fito, Sanad ya yi masa bayani. Fuskarsa ta canza. Ya kama hannuna, bai kai ni cikin gida ba, ya zaga da ni bayan masallaci, ya tsaya a kan wani kabari mai farin dutse. Sanad ya ce, "Uwarsa ce. Sanyin da ya wuce."

Jama'a, ban san lokacin da na durƙusa ba. Wata bakwai kacal na makara. Na tuna duk ranakun da na ce sai an kwana biyu, sai na samu sarari, sai yara sun gama jarrabawa. Na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba, na roƙa mata gafara, na roƙi Alhaji ya yafe mini. Da muka koma gida na ciro ƙunshin na miƙa wa Ibro da hannu biyu, na ce amanar mahaifinsa ce daga Makka. Ya sumbace shi, ya kai goshi, matarsa ta shige da shi ɗaki. Ban yi wata tambaya ba, domin a tarbiyyarmu ba a titsiye mai makoki. Ka yi ta'aziyya, ka sunkuyar da kai, shi ke nan.

Aka ba ni silifar cikin gida wadda rabin dugadugina ke waje, aka kawo gahawa. Tasu baƙa ce mai kauri, ba a zuba mata sukari, sai dai ka gatsi ƙwayar sukarin ka kurɓa a kai. Na sha finjali ɗaya, na girgiza shi kamar yadda muke yi a Jidda in mun ƙoshi. Matar gidan ta cika. Na shanye, na ƙara girgizawa da ƙarfi. Ta yi murmushi ta ƙara cikawa. Sai a na huɗu Sanad ya ce ita ta ɗauka cewa nake a yi sauri. Daga baya ya gaya mini su ma suna da tasu alamar: gahawar farko ta maraba ce, ta biyu ta hira, ta uku mai ruwa-ruwa kuwa ma'anarta baƙo ya nemi takalmansa. Na ce mu turare muke kunna wa baƙo, ya fi ladabi.

Ganin na ƙi sakewa, Ibro ya ce in zo ya nuna mini abin alfaharin gidansu. Ya kai ni wata rumfa, ya yaye buhu. Uwar maƙera ce, ƙatuwa, ta yi baƙi don tsufa, ga zugazugi rataye. Yana ta bayani yana bugun ƙirji. Sanad ya ce, "Ta kakan kakansa ce. Da su aka sa wa ƙauyen suna."

Na ce, "Wane suna? Ai Alhaji ya ce ba a taɓa yin maƙeri a nan ba. Mata ne masu wanki."

Sanad ya fassara. Gashin bakin Ibro ya miƙe. Ya yi magana mai tsawo da zafi, wannan karon ma ban buƙaci fassara ba. Sai wata tsohuwa da ke zaune a bakin rumfar tana ɓarar wake, gwaggonsa ce, ta tuntsire da dariya, ta nuna bayan dutse da wuƙarta. Sanad ya saurare ta, ya dafe goshi.

"Ya akhi, akwai wani Kobaci. Ta ce na maƙaryata, masu suna ba sana'a. Kai, akwai ma wasu bayan shi."

Na ce a tambayi Ibro inda mahaifinsa ya rasu. Ya nuna tagar ɗaki. A kan gadonsa, shekara goma sha ɗaya da dawowarsa daga Hajji. Shi ya ɗauka wani saƙo ne tsohon ya bari a Makka tun wancan lokaci. Sanad ya ce rabin tsofaffin ƙasar Salihu ne, rabin matansu Fata. Ni da mahaifina ya sha gaya mini cewa a ƙasar Hausa in ka ce wa direba Tudun Wada sai ya ce wanne, ban taɓa kawowa Turawa ma suna da wannan ciwon ba.

Farin ciki ya zo mini tare da wata irin kunya, domin ƙunshin yana cikin ɗakin mutane, kuma da hannuna na bayar. Tun da nake ban taɓa ba da abu na ce a dawo mini da shi ba. Na tsaya ina murza hula. Allah ya yi wa gwaggon nan albarka. Ita ta tashi da kanta, ta shiga, ta fito da shi, ta dangwara mini a ƙirji, ta ce wani abu. Sanad ya ce, "Ta ce yalla, tsofaffi ba sa jira." Ibro ya huce har ya cika mana leda da 'ya'yan itace. Addu'ar da na yi wa mahaifiyarsa kuwa ban yi da-na-sani ba, rabonta ne ya kai ni.

Ɗaya Kobacin ya yi nisa, sai muka kwana a gidan ƙanwar Sanad a wani gari, muka yi sammako. A hanya na ga rubutun allunan titi ya canza zuwa wasu haruffa kamar an juya su baibai, coci-coci suka yawaita. Wani ɗan sanda ya tsayar da mu, ya juya lasisina na Saudiyya sama da ƙasa, ya dube ni, ya kira abokinsa shi ma ya dube ni, suka ce mu tafi. Ina jin ba laifi suke nema ba, ba su taɓa ganin irina da sassafe ba ne.

Da muka zo gindin dutsen na ɗaga kai, na ce lallai malamin Turkawa yana da uzuri. Da giya ɗaya motar ta hau. Abu na farko da na gani a bakin ƙauyen maƙabarta ce, da wani sabon kabari da ƙasarsa ba ta bushe ba. Na kasa tambayar na wane ne. Muka tarar da wani mutum yana gyaran shinge, na ce wa Sanad wannan karon ni zan tsara tambayoyin, kuma ya fassara su duka.

"Akwai maƙeri a garin nan?"

Mutumin ya yi dariya, ya ɗaga wata lanƙwasasshiyar ƙusa ya nuna mini.

"Ladaninku ya je Hajji bai dawo ba?"

Ya daina dariya, ya gyaɗa kai.

"Matarsa fa?"

Ya juya ya nuna wani gida mai koren ƙofa. Sanad ya ce, "Ya ce Nana Fata tana nan, da safen nan ma ta yi masa faɗa a kan akuyarsa." Na kifa kaina a kan sitiyari na yi ta hamdala. Ban taɓa jin daɗin labarin faɗa irin na ranar ba.

'Yarta ce ta buɗe mana, ita ma ta manyanta. Ina cire takalmi na hango hoton Alhaji Salihu a bango, da jar hula, yana wannan murmushin nasa na mai shirin ba da labari. Nana Fata tana zaune a kan dogon benci a bakin taga, 'yar mitsitsiya, ta ranƙwafa har haɓarta na neman gwiwa, amma idonta tar. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida uwa. Na ba ta labarin kwana taran nan, da wanda ya yi masa wanka, da yawan mutanen da suka sallace shi. Sanad, Allah ya saka masa, bai gajarta ko kalma ba. Ta tambaya ko ya ba ni labarin masu wanki. Na ce sau bakwai. Ta ce na yi arha.

Sannan na ciro ƙunshin. 'Yar na ganin farin yadi ta gane, ta miƙo hannu da sauri za ta karɓe. Na janye, na ce a yi mini haƙuri, hannun da aka ce in sa wa daban ne. Na sa shi a tafin Nana Fata, na ɗora nawa a kai, na ce, "Nana, ga alkawarin Alhaji. Na sauke."

Ta daɗe tana shinshina shi. Ta ce a tayar da ita tsaye. Ta zaro babban fallen, wanda Alhaji da kansa ya yanka, tun da shi ke yi wa mamatan ƙauyen sutura, ta sa 'yarta ta riƙe shi daidai kanta. Yadin ya sauka har ƙasa, ya kwanta, ya yi saura mai yawa, ya fi abin da ake bari na ɗauri nesa ba kusa ba. Ta dubi ragowar da ke kan dabe, sai ta fara dariya, hawaye na bin kumatunta.

Sanad ya share nasa idon ya ce, "Ta ce wannan tsayinta ne na ranar da aka kawo ta gidan nan. Wai tsohon bai lura ta ragu ba."

'Yar ta ce ba komai, za ta sa almakashi ta rage. Nana Fata ta fizge yadin ta rungume, ta yi magana a hankali, tana kallon hoton bango.

"Kada wanda ya taɓa mini ko faɗin yatsa. Haka ya san ni, haka zan je."